Me Ya Sa Rage Shan Taba Ke Da Wuya?

Mashayi yakan ce, "Kara ɗaya tak zan sha," amma da wuya ya tsaya nan. Dalili kuwa, nikotin da ke cikin hayaƙin yakan kai ƙwaƙwalwa cikin kamar daƙiƙa 10, ya ba ta ɗan daɗi. Bayan awa 2 rabinsa ya bar jini, sai ƙwaƙwalwa ta nemi ƙari. Haka mai ragewa ke komawa gidan jiya.

To, ina mafita? Ɗalibi, ka guji abin da ke jan ka: miyagun abokai da zaman banza. Kwaɗayi in ya taso, mintoci kaɗan yake yi ya lafa. Ka sha ruwa, ka kama aiki. Ka gaya wa malami ko fasto, ka yi addu'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.