Mdou Moctar: Ƙungiyar kiɗan rok daga Agadas da ta cancanci kunnen mai sauraro

Minna (NAN) – Da yawa daga cikin masu sha'awar waƙa a Minna, idan aka ambaci kiɗan rok mai ƙarfi, abin da ke faɗo musu a rai shi ne hayaniyar Turawa masu dogon gashi. Sai dai ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ake yabawa a wannan fanni a yau ta fito ne daga maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, kuma jagoranta a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko.

Ƙungiyar tana amsa sunan Mdou Moctar, wato laƙabin jagoranta, Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ɗan yankin Tahoua wanda ya yi suna a Agadas. Ya tashi a gidan da ba a maraba da kiɗa, don haka da hannunsa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke. Bahago ne, kuma a wuraren bukukuwan aure ya goge.

A shekarar 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundin “Anar”, inda aka sarrafa muryarsa da kwamfuta kamar yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Waƙoƙin sun bazu a yankin Sahel daga waya zuwa waya, irin hanyar da masu tura waƙoƙi a Kasuwar Kure ko Bosso suka sani sarai. Ta haka wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji waƙar “Tahoultine”, ya sanya ta a wani kundin haɗaka na kamfaninsa Sahel Sounds, sannan ya nemo mai ita.

Ƙungiyar da duniya ta sani ta ƙunshi mutum huɗu: Mdou Moctar a kan babbar jita da waƙa, Ahmoudou Madassane a kan jita mai riƙe amo, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, ɗan Amurka, mai kaɗa jita mai kaurin murya.

Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke gina waƙa. Sukan fara da ɗan gajeren amo da ake maimaitawa, jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, tamkar dai tsarin da kunnen Bahaushe ya saba da shi. Daga nan ganguna su yi ta ƙara sauri, jitar lantarki ta ɗauki wuta, har kiɗan ya kai matakin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da na manyan ƙungiyoyin Amurka da Ingila. Shi ya sa ake yawan kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne.

Ga sabon mai sauraro, ya fi dacewa ya fara da kundin “Afrique Victime” na 2021, wanda kamfanin Matador ya fitar. A cikinsa akwai waƙoƙi masu sanyi irin su “Tala Tannam”, da masu zafi irin su “Chismiten”, ta yadda kunne zai saba sannu a hankali. Bayan nan sai ya koma “Ilana” na 2019, kafin ya tunkari “Funeral for Justice” na 2024, wanda ya fi sauran kaushi da fushi.

Fushin kuwa yana da dalili. Yawancin waƙoƙin da harshen Tamashek ake rera su, kuma suna magana ne a kan raɗaɗin mulkin mallakar Faransa, da yadda ake haƙar yuraniyom a Arlit alhali akasarin ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu, da halin da mata ke ciki. Waƙar “Imouhar” kira ce ga Abzinawa da kada su bari harshensu ya salwanta. Wannan damuwa ba baƙuwa ba ce a Jihar Neja, inda iyaye Gbagyi da Nufawa da Kambari ke fatan 'ya'yansu su riƙe harsunan gida.

Siyasar ƙasarsu ma ta taɓa su kai tsaye. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, suna rangadi a Amurka, rufe iyakoki ya hana 'yan Nijar ɗin cikinsu komawa gida na ɗan lokaci. A wannan zaman ne suka sake naɗar waƙoƙin “Funeral for Justice” cikin tattausan salo, aka fitar da su a 2025 da sunan “Tears of Injustice”. Duk wanda ƙarar jitar lantarki ta yi masa yawa, wannan kundi zai yi masa daɗin shiga.

Ana samun waƙoƙin ƙungiyar a YouTube da Spotify da Bandcamp. Shawara ɗaya ita ce a saurari kowace waƙa daga farko har ƙarshe, domin armashin kiɗan yana cikin yadda yake hauhawa, wanda kuwa ya tsallake tsakiya ya yi asarar rabinsa. (NAN)