A bar hasumiyar ta rushe tukuna

Akwai wata gasa da wani mai zayyana kayayyaki a Amurka, Peter Skillman, ya ƙirƙiro, Tom Wujec kuma ya yaɗa ta a jawabin da ya yi a dandalin TED a shekarar 2010. Ana raba mutane huɗu-huɗu, a ba kowane rukuni silin ɗanyar taliya 20, da salatif yadi ɗaya, da zare yadi ɗaya, da alawar mashmalo guda. Cikin minti 18 ake so su gina hasumiya mafi tsayi da za ta tsaya da ƙafarta, alawar na ɗore a ƙololuwa.

Wujec ya ce waɗanda suka fi shan kashi a gasar su ne sababbin masu digiri a fannin kasuwanci, 'yan nazare kuwa suna cikin gwanaye. Manyan sukan cinye lokaci wajen shawara da jayayyar wa zai shugabanta, su tsara abu ɗaya tilo, sai lokaci ya kusa cika su ɗora alawar, taliya ta karye. Yaran kuwa da alawar suke farawa. Su gina ƙarama ta faɗi, su sake, ta karkace, su tokare ta. Kafin a ce a tsaya sun gwada sau da dama, kuma kowace faɗuwa ta nuna musu inda rauni yake.

Wannan shi ne aikin injiniya, kuma ana iya koya wa yaro shi tun bai iya rubuta sunansa da kyau ba. Gidan adana kayan kimiyya na birnin Boston ya fara wani shiri na 'yan firamare a 2003, inda aka taƙaita hanyar zuwa matakai biyar: tambaya, tunanin mafita, zana tsari, ƙerawa, sai gyara. Na ƙarshen ne ginshiƙi, domin shi ke mai da yaro farko. A 2013 sabon ma'aunin koyar da kimiyya na Amurka ya shigar da wannan hanya tun daga ajin nazare.

Ba sai an sayi komai ba. A ajiye littattafai biyu a kan benci, a bar tazarar taƙi ɗaya a tsakani, a ba yara falle ɗaya na takarda, a ce su yi gada da za ta ɗauki marafan kwalbar lemo. Kusan kowa zai shimfiɗa takardar haka nan, murfi biyu ko uku ta lotsa ta zube. A nan ne hannun malami zai fara ƙaiƙayi. Ya daure. Abin da ya kamace shi tambaya ce: "Daga ina ta fara lanƙwasa? Me za ku sauya?" Wata za ta ninka takardar biyu, wani ya naɗe ta, can wata ta yi mata ninki-ninki, gaba da baya. Sai ga gada ta ɗauki marafai tuli ko gezau. Lokacin ne malami zai nuna musu kwanon rufin ajin, ya tambaye su dalilin da ya sa aka yi masa tudu da kwari. Yaron da ya gano amsar da yatsunsa ba ya bukatar a sa shi hadda.

Sharaɗi shi ne gishirin abin. In aka ce takarda ɗaya ce, ba gam, minti goma, to dole ƙwaƙwalwa ta yi aiki, kamar yadda injiniyan gaske ke fama da ƙarancin kuɗi da na lokaci. Sannan a sa su zana abin da suke nufi kafin su taɓa kaya, su ƙirga marafan, su rubuta adadin a allo, su sauya abu ɗaya kacal kafin gwaji na gaba. In sun sauya uku a tare, ba za su san wanne ne ya yi aiki ba.

Yaran ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan fage. Wanda ya taɓa fere karan dawa ya yi mota, ko ya yanka tsohon silifas ya fitar da taya ga motar gwangwani, ya san tayar da ba ta daidaita ba ja take yi gefe, kuma ya san gyaranta. Abin takaici, sau da yawa lada ɗaya ne: a ce ya bar shiririta ya ɗauki littafi. Kuma wasan ya fi zama na maza, don haka a aji sai an lura, kada a bar wa 'yan mata riƙon salatif kawai.

Ajin da ke da ɗalibai tamanin ma zai iya, in aka raba su rukuni-rukuni, kowa da aikinsa: mai zane, mai gini, mai ƙirga, mai bayani. Wajen ba da maki, kada tsayin hasumiya ko ƙarfin gada ya zama ma'auni shi kaɗai. Rukunin da gadarsa ta ɗauki murfi biyar a karon farko, ta ɗauki goma sha biyar a na uku, kuma suka iya faɗin abin da suka sauya, ya cancanci maki fiye da wanda ya dace tun farko bai san dalili ba.