Fankar sama mai rimot: jin daɗi ne kawai, ko tana rage kuɗin wuta?

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya daga kusan naira 68 zuwa naira 225 ga masu rukunin Band A, magidanta suka fara yi wa kowace na'ura a gida lissafi. An ɗan sassauta farashin daga baya, amma bai koma inda yake a da ba. A wannan yanayi ne fankar sama mai rimot ke samun karɓuwa, masu shaguna na tallata ta da cewa tana rage shan wuta. Akwai gaskiya a zancen, sai dai ba rimot ɗin ne ke yin aikin ba.

Inda ragin yake

Fankar sama da aka saba da ita tana cin kimanin wat 70 zuwa 75. Da yawa daga cikin sababbin fankokin da ke zuwa da rimot suna ɗauke da wani inji daban da ake kira BLDC, wanda ke juyawa da mayen ƙarfe, kuma yana cin kimanin wat 30. Irin wannan inji yana buƙatar ɗan allon lantarki da ke sarrafa gudunsa, shi ya sa ake haɗa shi da rimot maimakon tsohuwar regileta ta jikin bango.

Ga lissafin. Fanka mai wat 75 da ke aiki awa 12 a kullum za ta ci yunit 27 a wata, wato naira 6,075 a farashin 225. Mai wat 30 za ta ci yunit 10.8, wato naira 2,430. A gida mai fanka uku, bambancin ya kusa naira 11,000 a wata, fiye da kashi 15 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Wannan na nufin wanda ya maƙala wa tsohuwar fankarsa rimot ya samu sauƙin sarrafawa kawai, injin zai ci gaba da shan wutarsa kamar da.

Abin da rimot ɗin kansa ke yi

Fanka ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa ta hanyar busar da gumi. Barin ta tana juyawa babu kowa, ko da asuba bayan iska ta yi sanyi, asara ce. Rimot da yawa na da madannin lokaci da ke kashe fankar bayan wasu awoyi, kuma wanda ke kwance yana iya rage gudu ba tare da ya tashi ba.

Amfanin ya fi bayyana ga tsofaffi, marasa lafiya, masu jego da masu buƙata ta musamman. A biranen Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, iya sarrafa iska daga kan gado ba ƙaramin abu ba ne ga mai jinya.

Wasu fankokin kuma suna aiki da wutar gari da kuma batir ko sola. Mazauna Arewa da suka kwashe kwanaki cikin duhu a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kai musu wuta, sun san darajar fankar da batir ke iya riƙewa har gari ya waye.

Abin da mai shago ba zai faɗa ba

Fankar ta fi tsohuwar tsada. Allon lantarkinta ba ya jure wutar da ke zuwa da ƙarfi kwatsam, kuma idan ya ƙone, mai gyaran unguwa da ya saba naɗa koyil ba lallai ya iya farfaɗo da shi ba, sai dai a sauya. Idan rimot ya ɓata ko batirinsa ya ƙare, wasu fankokin ba a iya sauya musu gudu. Don haka ya kamata mai saye ya duba adadin wat da aka rubuta a jikin kwali, ya tambayi garanti a rubuce, ya kuma tabbatar ana samun allon da rimot ɗin a kasuwa.

Sai kuma babban sharaɗi, wato mita. Rahotannin NERC na 2024 sun nuna fiye da rabin masu rajista da kamfanonin rarraba wuta ba su da mita. Wanda ake kawo wa bil ɗin ƙiyasi, ko ya rage shan wutarsa da rabi, takardar ƙarshen wata ba za ta nuna ba. Matuƙar ba a raba mita ba, ribar tsimin da talaka ya yi ba aljihunsa za ta shiga ba, kuma wannan tambaya ce da ya kamata a riƙa yi wa kamfanonin rarraba wuta da hukumar da ke sa musu ido.