Rana ce ke cin taru, ba kifi ba

Arewa ƙasar gero ce da wake, ba ƙasar kogi ba. Amma Dallol Mawri, tsohon kwarin nan da ya biyo ta Matankari da Dogon Dutsi ya gangara kudu wajen Gaya, yana tara ruwan damina a tabkuna. Tabkin Saw na Dogon Dutsi ɗaya ne daga cikinsu. Inda ruwa ya daɗe akan samu tarwaɗa da karfasa. Gaiwa kuwa, ko tabki ya ƙafe, tana kwance cikin laka har ruwa ya dawo.

Saboda haka manomin da ya gama girbi yakan ɗauki fatsa ko birgi ya nufi tabki. Su a wurinmu aikin ƴan watanni ne. Sauran shekara kayan suna ajiye, kuma a ajiyar nan ne suke lalacewa. Mutum ya sayi taru da kuɗin wakensa, baɗi ya warware shi, ya tarar zaren yana tsinkewa a hannu.

Kakanninmu da zaren auduga suke saƙa koma da taru. Maƙiyin auduga laima ce. In an naɗe ta da danshi sai ta ruɓe. Shi ya sa suka koya mana shanya taru a rana. Amma zaren da ke kasuwa yanzu nailan ne. An ƙago shi a Amurka a 1935, ya shiga hannun masunta na duniya bayan 1950. Nailan ba ya ruɓewa. Rana ce ke ƙone shi a hankali, har ya koɗe, ya yi gautsi. Al'adar da ta raya tarun auduga ita ce ke kashe tarun nailan. Muna ganin taru shimfiɗe kan danni kwana da kwanaki cikin ranar bazara, mai shi yana tsammani gyara yake yi.

Ga abin da ya dace. In an fito daga ruwa, a cire ciyawa da matattun kifi. A ɗauraye laka. A shanya a inuwar icce inda iska ke kaɗawa. In ya bushe a sa cikin buhu, a rataye a ɗaki, kada ya taɓa ƙasa. Ɓera ba ya cin nailan, amma ƙarnin kifi yake bi, ya yi ta gaigayar zare.

Ɗinki kuma ba a jinkirta shi. Ido ɗaya ne ke tsinkewa yau, gobe tarwaɗa ta buɗa shi ya zama ƙofa. A yanke zaren da ya yi gashi a bakin ramin. A nemi zare mai kauri ɗaya da na tarun. A auna sabon ido da yatsu, ya zo daidai da na da. Nailan yana da santsi, don haka a riƙa yin ƙulli biyu, ba ɗaya ba. Masuntan Argungu, maƙwabtanmu na Kabi, sun gaji wannan aiki. Bikinsu na su ya kafu tun 1934, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Da koma da gora suke shiga Matan Fada su fito da giwan ruwa.

Ƙugiya tsatsa ce ke cin ta. A shanya mamari, a goge ƙugiyoyi da ɗan tsumma mai mai, a soka bakinsu a jikin kara. A gwada kaifi a kan farce: in ta zame, a wasa ta da ƙaramin dutse. Nan kuma akwai maganar lafiya. In ƙugiya ta shige nama, kada a fizge ta baya, don tana da ƙaya. A wanke da ruwa da sabulu, a tafi likita. Ciwo mai zurfi ƙofa ce ta tetanos, cutar da ke sanƙarar da jiki ta sarƙe haƙora, kuma akwai allurar rigakafinta.

Wasu samari sun fara riƙe sandar fatsa ta Turawa, mai keken naɗe zare. Ƙura ce maƙiyiyar keken. A goge shi bayan kowane su, a ɗiga masa man keken ɗinki kaɗan a inda yake juyawa. Mai da yawa ƙura yake kira. A sassauta abin da ke matse zaren kafin a ajiye, a naɗe shi a tsumma.

Abu biyu ne ba mu yarda da su ba, ko da sun yi araha. Na farko narka darmar tsohon batur a cikin gida don yin nauyin birgi. Darma guba ce, musamman ga yara. A Zamfara, a 2010, ƙurar darma daga dutsen zinari da ake daka a gidaje ta kashe yara ɗaruruwa. Na biyu mai da sangen sauro taru. Idonsa ƙanana ne, yana kwashe ƴaƴan kifi da ba su kai ci ba, maganin da ke jikinsa kuma yana cutar kifi. Tabki ya tashi babu iri, yara su kwana sauro na cizo. Wanda ke son sanin idon tarun da doka ta yarda da shi, da takardar izinin su, ya tambayi ma'aikatan gandun daji na Dogon Dutsi ko na Tibiri.