Haske Kaɗai Ba Ya Kashe Ciwon Daji

Labarin da ake yaɗawa a WhatsApp cewa likitocin Turai sun gano haske yana maganin ciwon daji ya zama jari a hannun masu tallan fitilu masu jan haske, waɗanda ke ce wa mai ƙari a nono ko a wuya ya riƙa gasa wurin safe da yamma har ya narke. Labarin yana da tushe, amma an yanke shi an jefar da rabin da ya fi muhimmanci.

Hanyar da likitoci suka sani tana buƙatar abu uku a lokaci guda: magani mai jin haske da ake sakawa ta jijiya ko a shafa, wanda ke daɗewa a cikin ƙwayoyin daji fiye da lafiyayyu, da haske mai ƙayyadadden zango, da iskar oksijin da ke cikin tsoka. Idan hasken ya faɗa kan maganin sai ya mayar da oksijin ɗin guba mai fasa ƙwayar da toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin. Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park a Amurka ne ya jarraba ta a kan majinyata a shekarun 1970, kuma Kanada ta amince da maganin Photofrin a 1993 don dajin mafitsara.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne irin mutuwar da ƙwayar ke yi. Daji yana bunƙasa ne domin ya iya ɓuya daga garkuwar jiki, amma ƙwayar da ta fashe ta wannan hanya takan zubar da abin da ke cikinta tare da sinadaran da ke shelar haɗari, sai wasu ƙwayoyin garkuwa masu sintiri su kwashi ɓurɓushin su kai kaluluwa, inda suke nuna shi ga fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, kamar yadda maharbi ke sunsuna wa karensa sawun dabba. Daga nan waɗannan ƙwayoyi kan bazu cikin jini suna neman mai irin wannan alama. Wani masani mai suna Hisataka Kobayashi ya wallafa wani sabon salon wannan aiki na haske a 2011, kuma Japan ta amince da shi a 2020 don dajin kai da wuya da ba ya fiɗuwa. Sai dai mafi yawan hujjar cewa garkuwar na bin dajin da ya bazu nesa daga ɓeraye aka samo ta.

To, ina fitilar kasuwa a cikin wannan bayani? Ba ta da maganin da haske zai tayar, ba a auna zangonta ba, kuma ko lezar asibiti ba ta ratsa tsoka fiye da kimanin santimita 1, shi ya sa ake zura ta da siririyar waya zuwa cikin maƙoshi ko huhu. Da haske kaɗai yana warkarwa, da ranar Dutse ta watan Afrilu ta kori daji daga Jigawa, alhali ita ce ke jawo wa zabiya dajin fata. Wanda aka yi wa allurar Photofrin ma sai ya guje wa rana aƙalla kwana 30 don kada fatarsa ta ƙone. Karɓar kuɗin mara lafiya a kan fitila zalunci ne, domin watannin da ya ɓata ne ke ba ƙarin damar bazuwa.

Duk wanda ya ji kullutu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko macen da ke ganin jini ba lokacin al'ada ba, ya nufi asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ya yarda a ɗebi tsoka a auna, ya bar camfin cewa daji ba ya son allura. Idan aka tura shi asibitin Malam Aminu Kano ko Shika, dangi su haɗa kuɗin mota a tafi a makon. Iyaye kuma su kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin dajin bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023.