Da Me Ake Gane Kirista?

Jama'a, in kun shiga kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri, za ku iya nuna Kirista da yatsa? Da wuya. Rigarsa irin ta kowa ce. Matarsa tana ɗaura zane da kallabi kamar sauran mata. Hausa ɗaya ake yi, fura ɗaya ake sha.

A ƙasar Arewa yawancin mutane Musulmi ne, Kirista kaɗan ne. Tun shekarun 1940 mishan ɗin Katolika yake a Dogon Dutsi, ya kuma buɗe lakwal. To, tunda tufafi ba su nuna mutum, da me ake gane shi? Addinin Kirista ya ce da aikinsa.

Cikin Linjila ta Luka, sura 10, Yesu Almasihu ya ba da wani misali. Ƴan fashi suka tare wani matafiyi tsakanin Urushalima da Yariko. Suka buge shi, suka bar shi kwance. Manyan masu hidimar addini biyu suka zo, suka gan shi, suka ratse. Sai ga wani Basamariye, baƙo, wanda mutanen wurin ba su ɗauka bakin komi ba. Shi ne ya tsaya. Ya ɗaure raunukan, ya aza shi bisa dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi daga aljihunsa. Wanga baƙo shi Yesu ya ce a yi koyi da shi.

Wasiƙar Yakubu, sura 2, ita ma ta koyar da haka. Yi wa mai yunwa fatan alheri da baki, ba tare da ba shi abinci ba, ba shi da amfani.

Ga misali a ƙasarmu. A 1950 mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin Galmi, cikin jihar Tawa. Ana karɓar Musulmi da Kirista, duk wanda ciwo ya kawo.

Amma ba sai mai asibiti ba. Tsofaffi suna tuna yunwar 1973 da ta 1984. Matasa sun ga ta 2005. A irin wannan lokaci, ba a tambayar wa ya fi zuwa majami'a ran Lahadi. Ana tuna wanda ya buɗe rumbunsa ya auna wa maƙwabci tiya biyu ta hatsi. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Haka yake kullum. Mai awo ya cika tiya. Mai bashi ya biya ran da ya ce. In an kira gayya gonar gwauruwa, a zo da hauya. Rataya gicciye a wuya abu ne mai sauƙi. Riƙon amana shi ne mai wuya, shi ne kuma maƙwabta suke gani.

Tambaya: A garinku, wane aikin kirki ne mutane ba su manta ba har yau?