Aji Ɗaya a Makarantar Intanashinal: Me Yaro Zai Kawo Gida?

Shirinmu na musamman na yau ya yada zango ne a Minanata, cikin birnin Sakkwato, kuma zancen na iyaye ne.

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a unguwar nan ya san yadda ƙarfe bakwai take. Ɗan kabu-kabu ya jera yara uku gaba da baya, Keke Napep ya cika maƙil, ga motar makaranta tana ta hon a bakin layi, ana jiran wani ya gama ɗaure igiyar takalmi. Kowane yaro da jaka a baya kamar za ta rinjaye shi, da kwandon abinci a hannu. Da yawansu makarantun kuɗi suka nufa, kuma cikinsu akwai masu ɗauke da sunan Intanashinal da manyan baƙaƙe a jikin get. To uban da ya ƙuntata wa kansa ya biya kuɗin zango, ya ɗinka yunifom kala biyu, ya sayi kayan wasanni da tarin littattafai, me ya kamata ya sa ran gani tsakanin Satumba da Yuli?

Mu fara da sanin ajin da ake magana a kai. A nan Sakkwato shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Manhajar da hukumar NERDC ta tsara a ƙarƙashinsa ta kasa shekaru tara na farko gida uku, kuma kason farko shi ne aji ɗaya zuwa uku na firamare. A tsarin Najeriya ɗan shekara shida ne ke shiga aji ɗaya. A Ingila kuwa, inda yawancin makarantun nan ke cewa sun ɗauko manhajarsu, ɗan shekara biyar ne ke shiga ajin farko. Saboda haka idan aka ce maka an sa ɗanka a aji kaza, Alhaji, ka tambaya: da lissafin wa? Ka kuma tambaya ko makarantar na da rajista da wata hukumar waje, irin Cambridge, ko kuwa manhajar gida ce aka haɗa da 'yan littattafan Ingila. Ta biyun ba laifi ba ce, wani lokacin ma ita ta fi dacewa da yaron da gobe zai rubuta jarrabawar shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato. Amma dai mutum ya san abin da ya saya.

Akwai kuma wata gaggawa da ta kama mu iyaye. A kai yaro aji ɗaya yana shekara huɗu da rabi, a tsallake masa aji shida, ya gama sakandare yana sha biyar, sannan ya zo ya tarar hukumar JAMB ta ce sai mai shekara 16. Ya dawo gida ya zauna. Sauri dai ya haifi nawa.

(KIƊA)

Yanzu mu shiga cikin ajin. Makonnin farko, kada ki damu, Hajiya, in kin buɗe littafin rubutu kin ga shafi biyu kacal aka cika. Malamar kirki, wadda yara ke kira Anti, tana can tana fama da abin da ba ya fitowa a takarda: yadda za a zauna a saurara, yadda ake riƙe fensir, yadda za a nemi izinin zagayawa, yadda za a ci abinci a rufe kwando. Kuka a bakin get ma yakan ɗauki kwanaki kafin ya wuce.

Babban aikin shekarar kuwa ɗaya ne: yaro ya iya karatu. Duk sauran abubuwan, waƙoƙi ne, kwamfuta ce, bikin ranar al'adu ne, suna biyo baya.

Hanyar da yawancin makarantun nan ke bi ita ce ta koyar da sautin baƙi kafin sunansa. Wadda ta fi shahara a ƙasar nan ita ce Jolly Phonics, da wasu malamai biyu 'yan Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham, suka tsara. Tana da sautuka 42, kuma ba daga A, B, C take farawa ba. Tana farawa ne da baƙaƙe shida: s, a, t, i, p, n. Dalili kuwa, da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya harhaɗa kalmomi na gaske tun a makonnin farko. Don haka in ɗanka ya dawo gida yana ta "sss" yana murɗa hannu kamar maciji, ba shiririta aka koya masa ba, darasi ne. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haka muka fara da babbaƙu, muka shiga farfaru, kafin a sake mu mu haɗa da kanmu. Malam bai taɓa yarda almajiri ya tsallake babbaƙu don ya iya rera sura da ka ba.

A Ingila ma sun san yaro na iya yaudarar babba da hadda. Shi ya sa tun 2012 suke yi wa 'yan ajin farko wani ɗan gwaji a ƙarshen shekara: kalmomi 40 ake ba yaro ya karanta, rabinsu kalmomin bogi ne da aka ƙirƙira, babu su a ƙamus. Wanda ya san sauti zai karanta su, wanda ya haddace siffar kalma kawai sai ya tsaya cak. Wannan dabara kowa na iya yin ta a tsakar gida, ba sai an biya ko sisi ba. Ɗauko kwalin shayi ko ledar omo, nuna wa yaro gajeriyar kalmar da bai taɓa gani a littafinsa ba. In ya sa yatsa yana bin ta baƙi-baƙi har ya fitar da ita, ko da da ƙyar, kuɗinka na aiki. In kuwa ya dubi fuskarka yana jiran ka faɗa ya maimaita, to akwai magana da Anti.

Sai dai iya furtawa daban, fahimta daban, kuma a nan ne ni nake ganin mu iyaye aka fi cin mu da baki. Yaro ya tsaya gaban baƙi ya zubo waƙar Turanci tiryan-tiryan, kowa ya yi tafi, kaka ta ce Masha Allah. Tambaye shi da Hausa me waƙar ke cewa, sai ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne. An ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya: koyon karatu, da koyon harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a layi, ba ya ji a Islamiyya. Turancin kuma rubutunsa ba ya bin ƙa'ida ɗaya, baƙaƙe 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44. Hausar boko kuwa kusan yadda ka ji haka za ka rubuta. Yaron da ya gane ba, bi, bu, da kansa zai karanta baba da babu kafin a juya.

Wannan ba sabon zance ba ne. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma ana koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. A nan gida kuma, shirin Mu Karanta da aka gudanar a makarantun gwamnati na Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar USAID ta Amurka ya ginu ne a kan a fara wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, sannan a haye da su Turanci. Gwamnatin tarayya dai ta sha juyawa a kan batun. A Nuwamban 2022 aka ce harshen uwa za a yi amfani da shi duk tsawon firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan. Makarantar Intanashinal dama can da Turanci take koyarwa, kuma don shi aka kai yaron. Ba ina cewa a ciro shi ba. Abin da nake cewa shi ne, kada gida ma ya koma aji. Akwai makarantun da ke cin tarar yaro in ya yi Hausa, akwai iyayen da suka ɗauko wannan doka suka shigo da ita falo, uwa na lallaɓa guntun Turancinta, an hana yaro hira da kakarsa. Asara biyu ke nan. Yaron da aka cika wa kunne da tatsuniya da kacici-kacici da labarin Shehu da na Nana Asma'u, ya san yadda labari ke farawa ya ƙulle ya warware, kuma da wannan sanin zai shiga littafin Turanci.

Ku duba littattafan ma. Wasu an yi su ne don yaran Landan: dusar ƙanƙara, kuɗin fam, kare a kan kujera. Ba haramun ba ne yaro ya san akwai wata duniya, amma malamin da ya san aikinsa zai kawo masa rani da damina da hunturu, ya yi masa lissafi da naira da canjin mai shago.

(KIƊA)

Lissafin ma kada a yi mamaki in an ga yana tafiya a hankali. A manhajar Ingila, ɗan ajin farko ana so ne ya ƙirga zuwa 100, ya iya tarawa da ɗebewa cikin 20, ya san bakwai da uku goma ne ba tare da ya lissafa yatsu ba. Jadawalin sau sai aji na biyu, shi ma na 2 da 5 da 10 kawai. Mu kuwa mun taso ana rera shi har sau sha biyu da bulala a kai. Yaron da aka ba murafun kwalba ko 'ya'yan dabino ya kasa su gida-gida, ya fi mai rerawa sanin abin da yake yi.

Abin da ya fi manhaja muhimmanci shi ne wanda ke tsaye gaban allo. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE, irin wadda Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ke bayarwa, kuma akwai rajistar hukumar malamai ta TRCN. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce. A kuma ƙirga kawunan da ke ajin. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, a Ingila doka ta hana ajin ƙananan yara ya wuce 30. In kuɗin makaranta na ƙasar waje ne, ajin kuma ya haura arba'in, da sake. Wata tambayar da iyaye ba su cika yi ba: malamai nawa suka riƙe ajin nan bara? Inda albashi bai taka kara ya karya ba, Anti takan tafi a tsakiyar zango, ɗan shekara shida kuma ba ya sabo da sabuwar fuska cikin kwana biyu.

Sannan Sakkwato ce fa. Zangon farko na farawa ne da sauran sauron damina, za a yi fashin zazzaɓi. Disamba da Janairu ga hazo da mura da tsagewar leɓe. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, lokacin da sanƙarau ke yawo. Ranar da za ku je duba makaranta, ku je da azahar, ba da safe ba. Ku shiga ajin ku tsaya minti biyar. Tagogi na buɗewa? Fanka na juyawa in an ɗauke wuta? Akwai ruwan sha? Ku leƙa bayan gida, domin shi ne wurin da ba a gyarawa don baƙi.

Aikin gida kuma, a wannan shekarun kaɗan ya isa. Yaron nan ya tashi tun asuba, ya dawo da rana tsaka, ƙarfe huɗu yana Islamiyya, wani ma bayan magariba akwai allo. In aka ƙara masa shafi biyar da mai lesin, to uwa ce ko yaya za ta cike shi da dare, Anti ta ba da maki goma bisa goma, kowa ya yaudari kowa. Minti goma ko sha biyar na karatu a bayyane, yaro na jingine da uwarsa ko babansa, ya fi wannan amfani. Wanda bai yi boko ba ma yana da rawar takawa: ya ce, karanta mini, sannan ka faɗa mini da Hausa abin da ya faru.

Ƙarshen zango na uku za a ba ku katin sakamako. Wasu makarantun sun daina rubuta na ɗaya da na biyu, sai bayanin abin da yaro ya iya da abin da ya rage masa, kuma na san iyaye da yawa ba sa jin daɗin haka, don ba abin da za a faɗa wa dangi a waya. Ku dai karanta bayanin. In kun je karɓa, ku nemi a ɗauko littafin rubutunsa na watan Oktoba a ajiye kusa da na watan Yuni, ku kuma roƙi Anti ta ba shi wani ɗan labari da bai taɓa gani ba ya karanta a gabanku, kafin ku biya kuɗin aji biyu.

A nan za mu dakata.